Da Me Kake Ƙirgawa?

Damina ta sauka a Pune daren Laraba,
muna hawa na bakwai, shayi ya huce a kofunan takarda.
Manhajar ɗakin magani ce ta wani asibiti a hayin kogi,
saura kwana tara mu miƙa.

Shardul ya ce nasa ya kammala.
Mrunal ta ce nata ma haka.
Ni Ketaki, mai gwaji, na haɗa biyun
suka ƙi gaisawa:
shi yana ƙirga magani da kwalba,
ita tana ƙirgawa da ƙwaya.
Wata huɗu kujerunsu na kallon juna,
ba wanda ya tambayi wani.
Kowa da jadawalinsa a aljihu
kamar kuɗin cefane.

Madam Gokhale ba ta ɗaga murya ba.
Ta goge allo da bakin gyalenta,
ta ja layi guda, dogo,
ta ce ranar da ba ta hau layin nan ba, babu ita.
Mai jiran wani ya rubuta wa yake jira,
me yake jira, zuwa yaushe.
Ashe ni kaɗai mutum uku nake jira,
ko ɗayansu bai sani ba.

Kundin ƙa'idar kamfani shafi ɗari biyu ne.
Ta shimfiɗa shi kamar tela da yadi,
ta yanko goma sha ɗaya, daidai jikinmu,
ta rubuta dalilin kowane yanka
saboda mai tambaya baɗi.

Washegari ta zo da tsoho Pendse,
shekara ashirin da shida yana miƙa magani ta taga.
Ya gyara tabarau, ya daɗe a gaban allon.
Ya ce, na tarin yara fa?
Wannan ai da cokali ne.

Muka yi tsit.
Ruwa na dukan gilashi.

Kwana tara ya zama sha shida,
amma asibiti daga bakinmu ya ji, tun da sauran rana.

Yanzu kullum safiya minti goma muke yi a tsaye gaban layin,
kuma akwai littafi mai shuɗin bango
inda muke ajiye tuntuɓenmu.
Shafin farko rubutun Shardul ne, karkatacce:
kwalba, ƙwaya, cokali.

Jiya sabon yaro ya karanta, ya yi dariya.
Can kuma na ji ƙarar kujera.
Ya juya wajen maƙwabcinsa:
kai, da me kake ƙirgawa?