Littafin Maki

Shekara ashirin da uku ina rubuta makin ƙungiyar kurket ta ƙauyenmu,
a gindin mangwaro, bakin magudanar da ta ratsa gonakin rake,
nan Barbis ta ƙasar Guyana,
inda ƙwallo in ta tsallake shinge
sai yaro ya tuɓe riga ya faɗa ruwa ya lalubo ta.
Kowa ya shaida, fensirina bai san kara ba.

Bana wasa goma sha huɗu muka buga.
Biyu muka ci, ɗayan ma ruwan sama ne ya taimaka.
Ga sunansa a kan kowane shafi: Sookdeo Mangal, kyaftin.
Sifili. Uku. Sifili. Tara. Sifili kuma,
a jere kamar ƙwan da kaza ta gudu ta bari.

Daren Juma'a aka taru ƙarƙashin gidan Anti Verna,
gidan nan mai dogayen ƙafafu.
Sauro ma bai yarda an bar shi a baya ba.
Winfield Thom ya miƙe, yaron da jifarsa ke fasa turke,
ya ce, Kawu ya tsufa.
Ba ya ganin ƙwallo sai ta wuce shi.
Ya riƙe jifa har kafaɗarsa ta mutu, mu muna tsaye muna ƙirga gajimare.
Ɗan ƙanwarsa kullum a gaba, Imtiaz kullum a benci.
Bai yi ƙarya ba. Duk yana cikin littafina.

Tsoho Baljit ya doka sandarsa a ƙasa.
Wa ke tashi tun zakara bai farka ba ya daɓe muku fili?
Motar wa ke kai ku Skeldon, ku sha ɗaya a kan buhunan taki?
Da ƙwallaye suka ƙare, akuyar wa ta tafi kasuwa?
Wannan ma gaskiya ce,
sai dai littafina ba shi da layin akuya.

Shi kuwa yana kan bokitin fenti, hula a gwiwa,
yana sakace lakar takalminsa da tsinke,
kai ka ce zancen wani baƙo ake yi.

Aka ce ƙuri'a, a cikin hularsa.
Ƙwayar tsamiya, ya zauna. Tsakuwa, ya sauka.

Na daɗe da hannu a aljihu.
Na tuna ranar da ya yi gudu ɗari da sha biyu,
na danne fensir don murna har ya karye.
Na tuna shi ya tallabi akwatin gawar mijina ta wajen kai,
laka har gwiwa, bai sauya kafaɗa ba.
Sai na dubi Imtiaz,
wanda ke shafa wa katakonsa mai kowace Asabar,
katakon da har yau ko tabon ƙwallo babu.

Tsakuwata ta sami 'yan'uwanta a ciki. Ƙas.
Kowa ya ji.

Bakwai da shida.

Bai ce uffan ba. Ya zazzage hular, ya kifa a ka,
ya tako har inda nake.
Dularie, ba ni littafin.
Ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa har wasan Rose Hall.
Nan kin ba ni tara. Biyar na yi.
Huɗun nan a ƙafata ƙwallon ta goga, ba ta taɓa katako ba.

Na sani.
Tun ranar na sani, hannuna ne ya riga ni.

Ya tsaya a kaina har na goge.
Ya ce da Winfield, mabuɗin rumfa yana ƙarƙashin tulu,
kuma abin daɓen nan yana ja hagu, ka kula.
Ya tafi, fitilar kekensa na rawa tsakanin rake.

Na goge da ƙarfi, ashe.
Takardar ta sire a wurin.
In na ɗaga shafin ga fitila da dare,
ta nan kaɗai haske yake wucewa.