Jaka Ta Huɗu

Ranar da suka zo da auduga a kan tsinke
suka goga cikin kuncin Inna,
sai da suka fita ta tambaye ni:
"Yawuna ne zai gane Nomau?
Ni da na goye shi shekara biyu, ba za a tambaye ni ba?"
Na ce haka masu ilimin suka ce.
Ta ja mayafi ta juya bango.

Wata goma sha ɗaya ke nan.

Ramin zinariya ya rufta da mutum biyar,
sai bayan damina aka kai inda suke.
Ƙasa ba ta ware kowa ba.
Ta haɗa haƙarƙarin wannan da ƙafar wancan
kamar kiraren da ruwa ya tara a bakin Gulbi.
Jaka biyar, kowace da lambarta,
suna kwance cikin sanyi a babbar likita,
in wuta ba ta ɗauke ba.

Kowace Litinin nakan rufe shagona a Bagalam
in ba mai kabu-kabu dala hamsin.
Mai biro ya san takuna, ba ya ɗago kai.
An aika Yamai.
Yamai ta aika waje.
Mai sa hannu ya tafi taro.
Maganin injin ya ƙare, ana jiran kuɗi.
Na haddace su, har nakan riga shi faɗa.

Na ce, buɗe mini, ni zan nuna maka.
Hannun hagu, ƙaramin yatsa,
ya karye, ya ɗoru a karkace.
Ni na datse shi da ƙyauren gidanmu
yana ɗan shekara shida, a kan goruba guda.
Ya ce, "Malam Rabe, doka ba ta san goruba ba."

Tsahara tana ɗakinta, ba mai aure ba, ba mai takaba ba.
Wani malami ya ce ta fara ƙirga kwanaki,
wani ya ce ta jira takarda.
In ta sa kwalli, maƙwabta su yi magana.
In ba ta sa ba, Inna ta yi kuka.
Cikin da ya bari yanzu yana rarrafe a tsakar gida,
mu kuwa har yau mun kasa ce mata marainiya.

Likkafanin da na yanko tun makon farko
yana ƙasan akwati.
Sau biyu na shanya shi saboda gara.

Akwai benci a bakin biron, mu biyar ne a kai.
Muna fasa goro ɗaya, muna kallon ƙofa ɗaya.
Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya zaɓi tasa a zuci.
Ni ta huɗu na ɗauka.
Kada a tambaye ni dalili, ba ni da shi.

Tsohon nan na Jiratawa, baban Jadi,
da ke zuwa da hoton ɗansa a cikin leda,
ya rasu cikin azumi, da hantsi.
Kafin la'asar an yi masa wanka, an sallace shi,
an kai shi, an dawo.
Allah ya yafe mini,
ina tsaye bakin kabarin ina jin kishin
yadda kowa ya san ko wane ne aka sa.

Mun daina roƙon ya shigo da sallama.
Taku kaɗan na ƙasa muke so,
da fasasshen tulu a wajen kai,
inda zan tsaya ran Juma'a
in kira suna, ban yi ƙarya ba.

Jiya da dare Inna ta kira ni.
Na zaci ruwa take so.
Ta ce, "Rabe, in ka je gobe ka tambaye su,
ko wancan yawun ne bai isa ba.
Ka ce ina da saura."