Kofin Tankari

Ni mai shayi ne a tashar Tawa,
bakin ƙofar da motocin arewa ke fita.
Shekara sha tara ina hura gawayi a nan,
nakan gane direba da tarinsa tun bai sauko ba.

Da can asuba hayaniya ce.
Kamyo na gurnani, 'yan kamasho na rantsuwa,
buhun albasa, akuya, katifa, tsohuwa da jikanta,
kowa ya hau, Allah ya kiyaye hanya.
Addu'ar nan kamar sannu take a bakinmu,
ba mu taɓa auna ta ba.
Yau in na faɗe ta
sai mutum ya tsaya, ya dube ni,
ya karɓi amin a hankali kamar mai karɓar ƙwai.

Ba mu kiran sunansu.
"Mutanen nan," muke cewa,
mu waiga hagu, mu waiga dama,
mu juya hira kan tsadar hatsi.

Ran nan taya ta fashe a gindin bedi.
Kafin ƙarar ta mutu tasha ta zama kufai:
takalmi wari guda, farantin ƙosai a kife,
Hajo mai fura ƙarƙashin teburina tana salati.
Da muka gane mun yi dariya har da hawaye,
amma ba wanda ya koma inda yake zaune.

Ubana ya koya mini: baƙo, ruwa tukuna,
tambaya sai ya huta.
Jiya wani ya zauna, rawani har ido,
ya ce a ba shi mai ɗaci.
Na zuba, buta na rawa a hannuna,
idona na kan jakarsa.
Ashe magani ya zo saya wa gyatumarsa,
likitar garinsu a kulle take tun bara.
Ya biya, ya yi godiya, ya sa mini albarka.
Ni ne na kasa duban fuskarsa.
Wannan ma sun ƙwace mana,
kuma ba su harba ko harsashi ɗaya ba.

Akwai wani kofi mai tsaga a baki,
na Tankari ne, mai farar mota ta hanyar Tiliya.
Ba ya sha a wani, wai wannan ya san leɓensa.
Wata Laraba ya sha biyu, ya ce, "Rubuta,
sai na dawo Juma'a."
Dala arba'in.
Juma'a nawa ke nan? Damina biyu ta wuce.
An ce an ga motar, ba a ga mutum ba.
An ce an ji muryarsa a waya.
An ce, an ce.

Matarsa Zali takan biyo da la'asar.
Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai.
Ta dubi kanta, ta ga kofin na nan, ta wuce.
Ba ta shiga takaba ba,
ba ta kuma ƙara sa lalle ba.

Ɗana Nomau ya ce, "Baba, direba zan zama."
Na daka masa tsawa har ya saki burodi.
Tsakar dare na tashi na ja masa mayafi,
na daɗe tsaye ina sauraron numfashinsa
da wani babur can nesa
da ban san na waye ba.

Yanzu magariba na yi tasha ta watse,
ita da ba ta san barci ba.
In wanke kofuna sha ɗaya in kife.
Na sha biyun ma ina wanke shi
ko da ba wanda ya sha,
in ajiye shi baki sama.

Malam Gado ya ga littafin bashi,
ya ce, "Soke wannan, ka yafe, sadaka ce."
Na ce, "A'a, Malam.
Mai rai ake bi bashi.
Dala arba'in ɗina na nan.
Ya zo ya biya ni."