Rabon Benci a Yagwa

Ni ne kafintan da aka kira
ranar da majami'armu ta rabu biyu.
Benci goma sha ɗaya ne.
Biyar-biyar, saura ɗaya.
Fasto Kosga ya ce in kawo zarto.

Kan ruwa ne rigimar.
Su sun ce sai an nitsar da mutum a Logon,
mu mun ce cikin tafin hannu ya isa
ko ga jaririn da bai san sunansa ba.
Kowa ya ɗora yatsa kan ayarsa.

Na yanka. Katako bai yi gardama ba.
Har yau da bulo muke tokare rabinmu.

Wilin motar da ke kiran sujada
ya gagari zarto, aka bar shi jikin darbejiya.
Ran Lahadi yaro ɗaya ke bugawa,
mu fito tare, mu rabu a bakin famfo,
matata Tabita ta yi hagu da littafin waƙarta,
ni in yi dama.

Bara da kogi ya fasa madatsa cikin dare
bai tambayi kowa irin baftismarsa ba.
Kan tudun makaranta muka kwana,
Kosga da dattijonmu Dansala bargo ɗaya.
Na ce a raina, yau kam duk mun nitse.

Ruwa ya janye, laka ta bushe,
kowa ya nemo rabin bencinsa.
Ina da ƙusa huɗu a aljihu.
Ba wanda ya aiko tukuna.