Usur a Sheffield

Alƙalin wasa bai zo ba, motarsa ta mutu a hanya.
Sai Terence ya miƙo mini usur mai sanyin ƙarfe,
ya ce, "Kai dai ka san doka."
Lahadi ce, yayyafi tun asuba,
fili ya zama kunu, farin layi ya dusashe.

Yara ashirin da biyu, 'yan shekara sha uku,
iyaye a bakin igiya, kowa alƙali ne da baki.
Na busa wa mai turi, na busa wa mai jan riga,
wata uwa ta yi mini wankin babban bargo.

Saura minti biyu, ɗaya da ɗaya.
Ƙwallo ta taso daga kwana,
Zayyanu, ɗana, ya yi tsalle,
raga ta girgiza.
Ba wanda ya gani.
Ni na gani:
yatsu uku na hannun hagu,
hannun da na saba riƙewa in za mu tsallaka titi.

Usur ya yi nauyin dutsen niƙa.
Na busa.

A mota bai ce uffan ba.
Laka na bushewa a gwiwarsa,
abin share gilashi na ta girgiza kai.
Sai a danjar Abbeydale,
idonsa a kan taga, ya ce,
"Baba, ita ta taɓa ni."
Na ce, "Doka ba ta tambayar wa ya fara."
Ya ja hanci.
"Mako mai zuwa ma kai ne?"