Kwalba ta Huɗu

Ran Talata Baba Yila ya iso shagona a Jekadafari,
keke-napef na nishi, bayansa ya kusa shafar ƙasa.
Mu uku muka sauke akwatin sipika,
baƙin katako, kusurwoyi duk sun ci duniya,
takardar wani cocin Billiri ta koɗe a gefe, saura rabin kalma.
Amfilifayar kuwa shi ya rungumo abarsa,
ko jikansa bai yarda ya taɓa ba.

Na kwance bayanta.
Warin tsohuwar dalma, saƙar gizo,
ƙwan tsaka biyu a gindin tiransifoma.
Kwalabe huɗu a jere kamar masu jiran hoto,
uku da hular azurfa a ka,
ta huɗu ta yi fari fat, iska ta shige ta,
ta mutu a tsaye ba ta yi wa kowa sallama ba.

Na ce, Baba, irinta ta bar kasuwa tun ina goye.
Na buga Jos, na buga Kano,
na buga wa Obinna a Ikko,
ya yi ta dariya har katina ya ƙare.

Sai Lamela, jikan, ya zuge jaka,
feda biyar, ja da kore da ruwan ƙwai.
Taka wannan, gita ta yi gurnani,
taka waccan, ta yi kukan kyanwa,
wannan kuma ta jefa sauti rijiya.
"Kaka, kilo talatin kake ɗauka don me?"
Tsoho ya dubi fedojin ɗaya bayan ɗaya.
"Naka na takawa ne," ya ce, "tawa ta jira ce."

Daren nan barci ya ƙi ni.
Akwai rediyon mahaifina a kan kabad ɗin Inna,
lulluɓe da zanen da ba ta ɗaurawa.
Shekara goma sha tara ba wanda ya murɗa shi.
Na haska tocila, na goge gilashi da babban yatsa,
lamba ɗaya, harafi ɗaya.
Na daɗe a tsaye kafin in cire ta,
ta fito da ɗan ƙara, kamar haƙorin yaro.

Da safe babu wuta. Na ja janareta sau shida.
Na kunna. Shiru.
Lamela ya ce, "Ai na faɗa."
Baba ya ɗaga hannu, bai ce komai ba.
Can sai ja ya ɓullo a cikin kwalabe,
garwashi huɗu, na ƙarshe ya ɗan makara,
sipika ta ja numfashi daga ƙasan ciki.

Ya saɓa gitar bes, ya ja tsirkiya mai kauri sau ɗaya.
Kusoshin da ke gwangwanin kifi suka hau rawa,
kofunan Barau mai shayi suka amsa ta bayan langa-langa,
wani abu ya zauna mini a ƙirji ya ƙi tashi.
Sai na ga tsoho ya tuɓe takalmi,
ya ɗora tafin ƙafa a jikin akwati, ya rufe ido.
Lamela ya matso kunnena:
"Shekara uku ke nan ba ya ji sai ta nan."

Yaron bai zuge jakarsa ba sai da kiɗa ya tsaya.

Nawa ne? Na ce, kuɗin dalma da fetur,
kwalbar kuwa aro ce, ba ta sayarwa ba.
Ya sa na rubuta a bayan rasit, ya dangwala hannu.

Yanzu rediyon na nan da giɓinsa a ƙarƙashin zane,
Inna ba ta sani ba, ko ta sani ta yi shiru.
Ran Lahadi da hantsi, ina kan gyaran fankar wani,
nakan dubi agogo, in ce, war haka ta yi ɗumi.