Kabejin Fulera

Cikin ambulan ya zo, tare da maganin gwiwa
da safar ulu da ba ni da ranar sa ta a Aboabo.
Fulera ta rubuta a baya da jan biro:
Baba, kabeji ne, amma ƙanana kamar goro,
a jikin kara suke fita, wani kan wani.
Shi muke ci a Beljiyam in ƙanƙara ta sauka.

Na juye irin a tafin hannu.
Baƙaƙe, ba su kai ƙwayar dawa ba.
Na ce, ashe ƙasar da ta riƙe mini 'ya shekara tara
irinta bai cika cokalin shayi ba.

Gwangwanin madara goma sha biyu na huda da ƙusa.
Baƙar ƙasa daga gindin ayaba,
kashin kaji daga wurin Maame Serwaa,
wadda ta riƙe ƙugu tana dariya ta kan katanga:
direba ya ajiye tirela, ya koma noman Turawa.

Kwana biyar suka tsaga ƙasa,
kowanne da ganye biyu a buɗe
kamar yaron da ke so a ɗauke shi.

Rana ta kashe bakwai a wata Talata.
Akuyar Gariba ta ci biyu, ta tsaya tana kallona.
Ukun da suka rage na dasa cikin tsofaffin tayoyi,
tayoyin da suka san hanyar Bawku fiye da ni,
na yi musu rumfa da yagaggen gidan sauro.

Sai tsutsa.
Koriya, launin ganyen sak, ba ta da kunya.
Kafin kiran assalatu ina tsugune da tocila,
ina ɗaga ganye ɗaya ɗaya
kamar ɗan kwastan a kan iyakar Paga.
Na daka darbejiya, na jiƙa, na yayyafa,
har hannuna ya ɗauki ɗacin zuwa masallaci.

A waya Fulera ta ce, Baba, sanyi yake so,
sai sanyi ya dake shi yake yin zaƙi.
Na ce, duk faɗin Kejetia
ban ga mai tallan sanyi a mudu ba.
Daren nan Lantana ta kama ni
ina zuba masa ruwan firji,
ta ce, shekara arba'in, ni ko fifita ba ka taɓa yi mini ba.

Wata biyar. Kara ya kai cinyata.
A hammatar kowane ganye wani ɗan ƙulli,
sako-sako, kamar maɓallin da tela ya ɗinka yana gyangyaɗi.
Na tsinka, na ƙirga a faranti: sha tara.

Lantana ta soya da manja da albasa.
Ta ɗanɗana ɗaya, ta ce gauta ma yana da mutunci,
ta koma kan miyar kontomire.
Ni na cinye sha takwas, a hankali,
da ruwa kusa.

Da daddare na nuna wa Fulera farantin, wayam.
Ta yi dariya har hoton ya tsaya.
Sannan ta juya wayar wajen taga:
cikin robar man shanu, kusa da gilashi mai raɓa,
ga kuɓewa ɗaya, siririya, ɗorawa-ɗorawa,
ganye uku, duk sun karkata inda rana ya kamata ta fito.
Ta ce, tun Mayu take haka, Baba.

Ban ce komai ba. Lantana ta karɓi wayar.

Sauran irin yana nan cikin ambulan,
ƙarƙashin tsohon lasin ɗina.
Maame Serwaa ta ce Agusta ya fi sanyi.
Na fara tara gwangwani.